Matsalar Kalmar “Ƙwaya” Wajen Bayanin Ruwan Ƙirji a Ciwon Daji: Misali Daga Potiskum

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka soma koyar da Hausa da harshen Hausa a jami’o’in ƙasar nan masana suka duƙufa wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, har aka kai ga buga littafin Hausa Metalanguage a 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace. Sai dai rinjayen wannan aiki ya tafi ne ga nazarin harshe da adabi. Kalmomin likitanci kuwa galibinsu a gidajen rediyo da bakin gadon asibiti ake ƙera su, cikin gaggawa, kowa da irin tasa. Wannan maƙala za ta ɗauki ɓangare ɗaya tak na aikin likita, wato binciken ire-iren ƙwayoyin da ke cikin ruwan da kan taru a ƙirjin mai ciwon daji idan ciwon ya yi nisa. Za ta bayyana abin da binciken ya ƙunsa, sannan ta nuna inda kalmomin da muke amfani da su suke karkatar da majiyyaci daga abin da likita yake nufi.

Abin da ya jawo hankalina ga batun shi ne wasu takardu biyu da wani maƙwabcina, dillalin shanu, ya kawo mini in karanta masa a garin Potiskum, Jihar Yobe, inda aiki ya kai ni. An taɓa yi wa matarsa aikin dajin mama, bayan shekara biyu sai numfashi ya soma yi mata wuya. Aka zuƙo ruwa daga ƙirjinta har sau biyu, aka aika gwaji. A karon farko wanda ya yi musu tafinta ya ce “ba komai”, suka dawo gida da murna. A karo na biyu aka ce “an ga ƙwayoyin daji”, daga ranar maigidan ya ware mata kwanon cin abinci da mazubin ruwa, ya hana yara shiga ɗakinta. Ko ɗaya daga cikin fassarorin nan biyu bai isar da abin da ke rubuce a takardar ba.

Ya kamata a tuna cewa Potiskum mahaɗar harsuna ce. Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamo da Fulani da Barebari duk da Hausa suke ciniki, da ita kuma suke ganin likita.  Ke nan sakamakon gwaji da Ingilishi ake rubuta shi, a faɗe shi da Hausa, wani lokaci a sake juya shi zuwa wani harshen a gida. Duk kuskuren da ya shiga a matakin Hausa, da shi za a wuce.

2.0 Ruwan Ƙirji

Huhu yana lulluɓe ne da wani siririn tantani mai ninki biyu. Ninki ɗaya yana manne da huhun, ɗayan yana manne da bangon ƙirji daga ciki. Tsakaninsu akwai ɗan ruwa da ke sa su zame wa juna idan ana numfashi. Marc Noppen da abokan aikinsa a Beljiyam sun auna shi a jikin masu lafiya a 2000, suka samu kimanin mililita 0.26 ga kowane kilo na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 60 ke nan kimanin cokalin shayi uku yake da shi. Kullum ruwan yana tsatsowa daga ƙananan jijiyoyin jini, kullum kuma wasu ’yan kafofi suna janye shi zuwa hanyoyin da ke bi ta kaluluwa. Idan daji ya isa wannan tantani, sai ya toshe kafofin, ya kuma sa jijiyoyin su ƙara yoyo. Ruwan da bai kai cikin ludayi ba sai ya zama lita biyu ko uku, ya danne huhu. Dajin huhu da dajin mama da dajin kaluluwa su ne suka fi jawo haka. A Nijeriya dajin mama ne a kan gaba: ƙiyasin hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna sababbin masu daji kimanin 128,000 a ƙasar, kimanin 32,000 daga cikinsu na mama ne.

Ba daji kaɗai ke tara ruwa a ƙirji ba. Ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta kan tara tsararon ruwa. Tarin fuka da namoniya da daji kan tara mai yawan furotin. Richard Light ne ya fitar da ma’aunin rarrabe waɗannan biyu a Amurka a 1972, har yau kuma da shi ake aiki.

A wannan ɓangare Hausa ba ta da wata matsala, domin mahauta sun riga malamai. Wanda ya saba da karar shanu ta Potiskum, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ya san ciwon huhu na shanu. Idan aka feɗe saniyar da ya kama, akan tarar da ruwa rawaya cike da ƙirji, huhu kuma ya manne da haƙarƙari. Maƙwabcina ya sha ganin haka a kwata, shi ya sa bai buƙaci dogon bayani ba game da “tantanin huhu” da “ruwan ƙirji”. Har maganin da ake yi wa mutum ya gane nan take: bayan an zuƙe ruwan, ba a wuce kimanin lita ɗaya da rabi a zama ɗaya, likita kan zuba tsabtatacciyar hodar talk tsakanin ninkin biyu don su manne da gangan, ruwa ya rasa wurin zama. Inda magana ta cije shi ne abin da ke cikin ruwan, wanda ido ba ya gani.

3.0 Abin da ke Cikin Ruwan

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da wasu ƙananan tubala masu rai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A wannan maƙala zan kira ɗaya daga cikinsu “ƙwayar jiki”, dalilin zaɓen kuwa zai zo a gaba. Rudolf Virchow ne ya kafa ra’ayin nan a Jamus a 1858 cewa cuta a cikin waɗannan ƙwayoyi take samun gindin zama, kuma kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa. Daji shi ne ƙwayar jikin mutum ta daina bin ƙa’idar hayayyafa, ta yi ta ninka kanta, ta kutsa inda ba wurinta ba.

Idan ruwan ƙirji ya isa ɗakin gwaji, akan juya shi a na’ura har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, a shafa su a kan gilashi, a rina. Rinin da aka fi sani yana ɗauke da sunan George Papanicolaou, wanda littafinsa na 1943 ya yaɗa wannan hanya ta gano daji. Abin da mai duba madubin zai gani taron jama’a ne irin na ranar kasuwa. Akwai ƙwayoyin tantanin da kansa, waɗanda suka ɓanɓaro suka faɗa ruwa. Akwai jajayen ƙwayoyin jini. Akwai kuma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda masu wayar da kai game da ƙanjamau suka sabar wa jama’a da kiransu “sojojin jiki”, su ma iri-iri ne: makrofaj, wato manyan mahaɗiya masu share datti da matattun ƙwayoyi, limfosait, masu gane baƙo su far masa, da nutrofil, masu rugawa wurin da ya soma ruɓa, waɗanda gawarwakinsu ne ke zama mugunya. A binciken Noppen, kashi 75 cikin ɗari na fararen ƙwayoyin ruwan mai lafiya makrofaj ne, kashi 23 limfosait.

Yawan kowane iri shi ne labarin. Idan nutrofil suka rinjaya, hankali kan tafi ga namoniya. Idan limfosait ne suka cika wuri, to tarin fuka ne ko daji, kuma a nan ne wahalar likitan ƙasarmu take, domin cututtukan biyu duk suna da yawa, alamominsu kuma sun yi kama: rama, tari, haki. Ƙarancin ƙwayoyin tantani yakan ƙarfafa zaton tarin fuka, amma ba ya yanke hukunci. Su kuwa ƙwayoyin dajin, waɗanda dominsu aka yi gwajin, sau da yawa su ne ’yan tsiraru a cikin taron. Wani lokaci a dunƙule suke kamar curin fura, wani lokaci a warwatse ɗai-ɗai. Bugu da ƙari, ƙwayar tantani mai lafiya idan kumburi ya dame ta takan girma ta canja kama har ta yi kamar ta daji. Saboda haka ne ake ƙara wasu rinuka na musamman masu kama furotin ɗaya kawai: kalretinin yakan nuna ƙwayar tantani, TTF-1 kuma yakan nuna cewa daga huhu dajin ya taso. Irin wannan gwaji sai manyan asibitocin koyarwa, shi ya sa ruwan da aka zuƙa a ƙananan garuruwa yakan yi doguwar tafiya kafin a duba shi.

Bambancin bai tsaya nan ba. Ƙwayoyin dajin mutum ɗaya ma ba ɗaya suke ba. Peter Nowell ya bayyana a 1976 cewa daji daga ƙwaya guda yake farawa, amma da tafiya ta yi tafiya zuriyarta takan rarrabu gida-gida, kowane gida da halinsa. Misali sananne shi ne dajin huhu. A 2004 aka gano cewa masu wani canji a sashen gado da ake kira EGFR suna samun sauƙi ƙwarai da maganin gefitinib. A 2005 aka gano wani canjin na biyu, T790M, wanda ke sa maganin ya daina ci. Maganin yana kashe gida ɗaya ne, gidan da ya gagare shi ya gaje filin. Sai a 2015 aka amince da osimertinib don wannan gida na biyu. Ruwan ƙirji yana da amfani a nan, domin ana iya zuƙo shi fiye da sau ɗaya ba tare da an yanka mutum ba, a ga wane gida ne ke rinjaye. Tun daga 2009, lokacin da Fuchou Tang da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka nuna yadda za a karanta saƙonnin gado na ƙwaya ɗaya tilo, masu bincike suka samu damar tambayar dubban ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, maimakon a markaɗa su gaba ɗaya a ɗauki matsakaici. Ko a Yobe wannan fanni ya soma samun gurbi, domin a 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami’ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancin Dokta Mahmoud Bukar Maina, da manyan madubai na nazarin ƙwayoyin jiki.

3.1 “Ba a Gani ba” da “Babu”

Tunda ƙwayoyin dajin tsiraru ne, ba kullum ake dace da su ba. Gwajin ruwan yakan kama kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na masu dajin, ya kuskure sauran. Saboda haka tsarin duniya na rubuta sakamakon irin wannan ruwa, wanda aka fitar a 2020, ya kasa amsa gida biyar. Ga yadda nake ganin za a faɗe su da Hausa:

(1) a. Abin da aka kawo bai isa a yanke hukunci ba.
b. Ba a ga daji a wannan ruwa ba.
c. An ga wasu ƙwayoyi masu baƙuwar kama, ba a tantance ma’anarsu ba.
d. Ana zargin daji.
e. Daji ne.

Takardar farko ta matar maƙwabcina (1b) ce. Tafinta ya mayar da ita “ba komai”. Amma Bahaushe ya san bambancin korewar gani da korewar samuwa tun kafin a ƙera madubin likita. A daren 29 ga Sha’aban idan aka ce “ba a ga wata ba”, babu mai fahimtar cewa babu wata a sama. Kowa ya san gobe za a sake dubawa. Da an faɗa wa matar nan (1b) yadda take, a ƙara da “sai an sake dubawa”, da ba ta yi wata huɗu a gida ba. Laifin a nan ba na harshe ba ne. “Ba komai” kalmar lallashi ce da muke faɗa wa mara lafiya da wanda ya taka mu a kasuwa, ita ce ta kutso ta zauna a gurbin sakamako.

4.0 Nauyin da Aka Ɗora wa “Ƙwaya”

Takarda ta biyu ce ta fito da matsalar da ta shafi harshe kai tsaye. Asalin ma’anar “ƙwaya” shi ne ƙaramin abu guda, dunƙulalle, kamar ƙwayar hatsi da ƙwayar ido. Daga nan ta zama ma’aunin ƙirga (“ƙwaya uku”), sannan zamani ya yi ta faɗaɗa ta: ƙwayar magani, wadda ta haifi “ɗan ƙwaya”, ƙwayar cuta, ƙwayar halitta. Faɗaɗa ma’ana ba aibi ba ne. Larabci ya ɗauki “khaliyya”, wato gidan zuma, ya ba wannan tubali na jiki, Sawahili kuma yana amfani da “chembe”, wadda ita ma ƙwaya take nufi. Matsalar tana tasowa ne idan ma’anoni biyu ko uku suka haɗu a jimla ɗaya, kuma binciken ruwan ƙirji wuri ne da dole su haɗu. A duba:

(2) An ga ƙwayoyin daji a cikin ruwan.

Mai sauraro ya riga ya saba da “ƙwayoyin tarin fuka” da “ƙwayoyin kwalara” da “ƙwayar korona”. A duk waɗannan, tsarin ƙwaya + sunan cuta yana nufin wata baƙuwar halitta da ta shigo daga waje, wadda ake ɗauka daga wani, ake kuma kashewa da allura ko kafso. Jimla ta (2) tana bin wannan tsari sak. Ke nan maƙwabcina da ya ware kwano bai yi jahilci ba, ƙiyasi ya yi bisa ƙa’idar harshensa. Harshen damon yana cikin jimlar. Gaskiya ne wasu ƙwayoyin cuta kan share wa daji hanya, kamar ta ciwon hanta nau’in B da ke kai wa ga dajin hanta. Amma dajin kansa ba a ɗaukarsa a kwano ko a numfashi. Wannan ma ƙarin dalili ne na raba kalmomin, tunda akwai ranar da likita zai buƙaci ambaton duka biyun a numfashi ɗaya.

“Ƙwayar halitta” ita ma ba ta tsira ba. A kafofin watsa labarai ana amfani da ita ga tubalin jiki, ana kuma amfani da ita ga abin da ake gada daga iyaye, kamar a “gwajin ƙwayoyin halitta” na tabbatar da uba. Mai son bayyana labarin EGFR da aka kawo a sama sai ya ce an samu canji a ƙwayar halittar da ke cikin ƙwayar halitta. Wasu masu fassara a intanet sun kauce wa wannan ta hanyar cewa “tantanin halitta”. A ganina wannan ya fi muni, domin tantani shimfiɗaɗɗen abu ne, kuma muna buƙatarsa a ma’anarsa ta asali. In ba haka ba za mu wayi gari muna cewa tantanin halittar tantanin huhu. Akwai masu ganin a ari kalmar Ingilishi kawai, a ce “sel”. Robert Hooke ya zaɓe ta ne a 1665 saboda ramukan da ya gani a ɓawon itace sun yi masa kama da ƙananan ɗakuna. To amma Hausa ta riga ta ari wannan kalma ta wata ƙofar: sel shi ne inda ’yan sanda ke kulle mutum. Ba na jin majiyyaci zai ji daɗin a ce an ga sel a ƙirjinsa.

Shawarar da nake bayarwa ita ce a bar “ƙwaya” a matsayin kai, a ɗora wa abokin harɗinta aikin rarrabewa, kuma kada a yarda a jefar da shi don taƙaitawa. “Ƙwayar cuta” ta tsaya ga baƙuwa mai shigowa. “Ƙwayar jiki” ta zama tubalin, domin “jiki” yana nuna na mutum ne, kuma ya dace da tsirrai tunda muna cewa jikin bishiya. “Ƙwayar gado” ta ɗauki abin da ake gada. “Tantani” ya koma wa mahauta da likitocin tiyata. Da wannan za a iya cewa an samu canji a ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayar jiki, kowa ya bi zaren.

Saura sunan ƙwayar da ta zama daji. Sunayen cutar guda uku ne a bakin jama’a: daji, sankara, da ararriyar kalma kansa. “Daji” yana jan hankali zuwa jeji da iskokinsa, wato waje. “Sankara” daga goro ta zo, shi ya sa ake mata kirari da “ɓata goro”. Ta fi kusa, tunda ɓarna ce daga ciki, amma ita ma ƙwaro ne ke jawo ta. Ba na neman a kori ko ɗaya, don sun riga sun zauna. Abin da nake nema shi ne a wajen bayani a ce “fanɗararriyar ƙwayar jiki”. Fanɗararren yaro ɗan gida ne, ba baƙo ba. Ba ya jin tsawa, yana kuma iya barin gida ya je ya yi ɓarna a wata unguwa. Siffofin nan uku su ne siffofin daji. Kalmar tana da nata nakasu, domin tana ɗauke da ƙanshin zargi, kuma mace mai ciwo tana iya jin kamar ana cewa jikinta ne ya yi laifi. Duk da haka na fi son wannan nakasu a kan wanda ke raba uwa da ’ya’yanta a watanninta na ƙarshe, musamman da yake idan daji ya kai ga tara ruwa a ƙirji, matsakaicin abin da ya rage wa majiyyaci yakan kama daga wata 3 zuwa 12 ne, gwargwadon irin dajin.

Da waɗannan kalmomi na sake karanta wa maƙwabcina takarda ta biyu. Na ce ƙwayoyin jikinta ne na mama suka fanɗare suka yi ƙaura zuwa tantanin huhu, kuma an same su a ruwan tare da sojojin jiki masu yawa. Ya yi shiru, can ya ce, “Malam, in dai sojojin suna wurin, me ya hana su kama su?” Wannan ita ce tambayar da masu karanta ƙwayoyi ɗai-ɗai suke bi a yau. Abin da suka samu shi ne wasu daga cikin makrofaj ɗin dajin ya janye su sun koma yi masa aiki, akwai kuma wani rukunin limfosait da aikinsa shi ne hana ’yan uwansa faɗa, su kuwa mayaƙan da yawansu sun daɗe suna fafatawa har ƙarfinsu ya ƙare. Sunan da masu binciken suka ba wannan hali na ƙarshe a harshensu ma’anarsa gajiya ce, don haka “gajiyayyun sojoji” ta wadatar ba tare da an ƙirƙiri komai ba. A daren nan aka mayar da kwanon matar cikin na gida.